Bitar Windows Fax and Scan: manhajar da ke ɓoye menu ba tare da ta faɗi dalili ba

Windows Fax and Scan tana cikin tsofaffin manhajojin da kamfanin Microsoft ya bari a cikin Windows ba tare da ya yi musu wani gyara na a zo a gani ba. Ta fito ne tare da Windows Vista a shekarar 2007, inda ta gaji Fax Console na Windows XP, kuma duk wanda ya buɗe ta yau a Windows 11 zai tarar da kusan fuskar da aka san ta da ita tun wancan lokaci. Aikinta biyu ne, wato aika takarda da karɓarta ta layin tarho, da kuma ɗaukar hoton takarda daga na'urar sikana. A ganina tana yin aikin faks yadda ya kamata matuƙar an tanadar mata abin da take bukata, sai dai tana da aibi guda da ke cinye lokacin masu amfani da ita fiye da kowane, shi ne idan wani sharaɗi bai cika ba, sau da yawa ba ta yin bayani, mutum kawai zai nemi umarnin da ya saba dannawa ya rasa. Daga nan sai zato ya tafi ga cewa manhajar ta lalace, a shiga cirewa da sake girkawa, alhali kuwa a mafi yawan lokuta babu abin da ya same ta.

Kafin a zo kan menun da ya ɓata, ya kamata a san abin da manhajar take tsaye a kansa, domin rashin saninsa ne tushen rabin rikicin. Ba ta aika faks ta intanet. Tana bukatar modem na faks, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ko na cikin kwamfuta ko wanda ake jonawa ta USB, sannan tana bukatar layin tarho irin na da, wanda ke ɗaukar sauti ta waya, domin faks a asalinsa sauti ne da na'urori biyu ke musaya. Na'urar da ta kira tana fitar da sauti mai ƙarfin zagaye 1100 a daƙiƙa, wadda aka kira ta amsa da na 2100, sannan su daidaita a kan gudu da girman takarda bisa ƙa'idar T.30 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya. Hanya ta biyu da manhajar ta yarda da ita ita ce a haɗa ta da sabar faks, wato kwamfutar da ke aikawa da karɓar faks a madadin sauran, da ke cikin hanyar sadarwar ofis. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun zai iya buɗe manhajar ya ga komai a tsare, amma ba zai aika ko shafi ɗaya ba.

Dalili mafi yawa na ɓatan menu shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A can ƙasan ɓangaren hagu na tagar akwai madannai biyu, ɗaya an rubuta Fax, ɗaya an rubuta Scan, kuma wanda aka danna a cikinsu shi ne yake yanke abin da zai bayyana a menun sama. Idan manhajar tana ɓangaren sikanin, foldodin faks irin su Inbox da Outbox da Sent Items ba sa bayyana, kuma menun Tools yana nuna abubuwan da suka shafi sikana ne, don haka mai neman Fax Settings ko Fax Accounts zai buɗe shi ya rufe sau goma bai gan su ba. Da zarar ya danna Fax a ƙasa, sai su dawo. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne sunan menun ba ya canzawa, Tools ɗin nan dai shi ne a wurinsa, cikinsa ne kawai ya sauya, kuma idan kwamfuta ɗaya ce mutane da yawa ke aiki da ita a ofis, wani yana iya barin ta a ɓangaren sikanin ya tashi, na bayansa ya zo ya ɗauka an goge masa saituna.

A nan ne nake ganin masu tsara manhajar suka yi kuskuren da ya kamata bita ta tsaya a kansa. Akwai tsohuwar ƙa'ida a tsara manhajoji da ke cewa umarnin da ba zai yi aiki a wani yanayi ba a bar shi a wurinsa a dusashe launinsa, domin mai amfani ya san yana nan, ya kuma fahimci cewa wani sharaɗi ne bai cika ba. Dusasshen umarni yana tura mutum ya tambayi abin da ya rage, shi kuwa wanda aka ɗauke gaba ɗaya yana sa mutum ya yi shakkar idonsa ko ya zargi kwamfutar. Haɗa faks da sikanin a taga ɗaya dabara ce mai ma'ana, tunda takardar da za a aika galibi sai an fara ɗaukar hotonta, amma ajiye makunnin da ke juya dukkan menu a kusurwar da ido ba ya yawan kaiwa ya rage wa dabarar armashi. Da an sa layi ɗaya a menun da ke cewa saitunan faks suna ɗaya ɓangaren, da an hutar da mutane da yawa.

Wani lokaci kuma layin menun ne gaba ɗaya ba a gani. Tun daga Vista, manhajoji da yawa na Windows suna ɓoye wannan layi har sai an danna madannin Alt ko F10, saboda haka waɗannan biyu su ne abin fara gwadawa a kowace manhajar faks, ba wannan kaɗai ba. Danna Alt tare da harafin T yana buɗe Tools kai tsaye idan Windows ɗin na Turanci ne. Haka kuma idan an matse tagar ta yi ƙanƙanta, ko an ƙara girman rubutun allo sosai, madannan da ke jere a sama na iya faɗawa bayan wata 'yar kibiya a gefen dama, kuma buɗe tagar ta cika allo yana fito da su. Akwai kuma bambancin da ake mantawa tsakanin babbar taga da tagar New Fax, wadda ake rubuta saƙo a cikinta. Kowacce da nata menun, kuma umarnin liƙa takarda ko duba yadda faks zai fita kafin a aika suna cikin ta biyun ne, ba za a same su a ta farko ba komai tsawon nema.

Idan an tabbatar ana ɓangaren faks kuma har yanzu wani abu ba ya aiki, sai a duba asusu. Manhajar ba ta ɗaukar modem kai tsaye don kawai Windows ya gan shi, dole ne a shiga Tools, a buɗe Fax Accounts, a ƙara asusu, a zaɓi ko modem ne ko sabar ofis, a ba shi suna, sannan a faɗi yadda za a riƙa amsa kira, ko da kanta ko sai an danna. Asusun nan na mai amfani ɗaya ne, ma'ana idan an buɗe wa sabon ma'aikaci nasa shiga a kwamfutar, zai tarar da jerin asusun babu komai ko da abokin aikinsa yana aika faks daga kwamfutar kullum. Shi kuwa Fax Settings yana neman izinin mai gudanar da kwamfutar, domin abin da ke cikinsa ya shafi kowa: ko na'urar za ta karɓi kira, bayan ƙara nawa za ta ɗauka, sau nawa za ta sake kira idan layi ya cika, da inda za a adana takardu. Ma'aikacin da ba shi da wannan izini zai ga an tambaye shi kalmar sirri, kuma a wannan yanayi babu wani gyara da zai yi da ya wuce ya nemi wanda ke kula da kwamfutocin wurin. Wannan tsari ni ban ga laifinsa ba, domin bai kamata kowa ya iya kashe karɓar faks na ofis baki ɗaya ba.

Daga asusu sai modem ɗin kansa, kuma a nan Windows yana da kayan bincike mai kyau da mutane kaɗan ke amfani da shi. A Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ya gani, akwai rukunin Modems, kuma idan rukunin babu shi kwata-kwata, to Windows bai ga modem ba, ko don direba, wato manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da na'urar, bai shiga ba, ko don wayar USB ba ta zauna ba, kuma duk wani bincike a cikin manhajar faks ɓata lokaci ne har sai an warware wannan. Idan yana nan, a buɗe bayanansa a je shafin Diagnostics a danna Query Modem, sai kwamfutar ta aika masa jerin tambayoyi ta nuna amsoshinsa. Layin da ya fi muhimmanci shi ne na AT+FCLASS=?, domin amsarsa tana faɗin nau'in aikin da modem ɗin ya iya. Sifili yana nufin aika bayanai kawai, su kuwa 1 da 2 da 2.0 su ne azuzuwan faks, saboda haka modem ɗin da ya amsa da sifili shi kaɗai ba zai taɓa aika faks ba ko da an sake girka Windows daga tushe. Yana da kyau kuma a leƙa Phone and Modem a Control Panel a tabbatar an cika ƙasa da lambar yanki, da lambar da ake dannawa don samun layin waje idan ofishin yana da irin wannan tsari, domin daga nan ne manhajar ke ɗauko ƙa'idar buga lamba.

Akwai kuma hidimar da ke aiki a bayan fage mai suna Fax, wadda ake gani idan an rubuta services.msc a akwatin Run, wanda ke buɗewa idan an danna madannin Windows da R tare. Tagar da muke dannawa fuska ce kawai, wannan hidimar ce take riƙe layi, take jera takardu, take kuma amsa kira. Ta dogara da hidimar Print Spooler, mai jera takardun bugawa, da ta Telephony, mai kula da layin tarho, kuma idan ɗaya daga cikinsu ta tsaya, ita ma ba za ta tashi ba. Wannan ya zama abin lura musamman tun shekarar 2021, lokacin da aka gano raunin tsaro a Print Spooler da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, wanda ya sa masu kula da kwamfutoci a wurare da dama suka kashe hidimar a na'urorin da ba a buga takarda da su. Kwamfutar da aka ware don karɓar faks kaɗai tana iya shiga wannan rukuni ba tare da an lura cewa faks ɗin ma ta wannan ƙofa yake bi ba.

Mataki na gaba shi ne inda manhajar ce dungurungum babu ita a menun Start. A zamanin Vista dalilin yana da sauƙi, domin bugun Business da Enterprise da Ultimate ne kawai suke da ita, na Home Basic da Home Premium ba su da ita. A Windows 7 da 8 ana kunna ta ne daga jerin Windows Features, ƙarƙashin Print and Document Services. A sababbin bugu na Windows 10 da kuma Windows 11 an mayar da ita cikin Optional features da ke Settings, a ƙarƙashin Apps ko System gwargwadon bugun, kuma sabuwar kwamfuta tana iya zuwa ba tare da ita ba sai an ƙara ta. Wannan ya fi shafar waɗanda suka sauya kwamfuta saboda ƙarewar tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, suka ɗauka duk abin da ke tsohuwar zai kasance a sabuwar. Hanya mafi sauri ta tantancewa ita ce a rubuta wfs a akwatin Run, domin sunan fayil ɗin manhajar WFS.exe ne. Idan ta buɗe, gajeriyar hanyar da ke Start ce kawai ta ɓata, idan kuwa Windows ya ce bai san fayil ɗin ba, sai a girka ta. Mai izinin gudanarwa yana iya yin haka a tagar rubuta umarni ta Command Prompt da umarnin DISM /Online /Add-Capability /CapabilityName:Print.Fax.Scan~~~~0.0.1.0, kuma idan kwamfutar ofis ta dawo da lambar kuskure 0x800f0954, galibi alama ce ta cewa an ɗaure ta da sabar sabuntawa ta cikin gida wadda ba ta ajiye irin waɗannan ƙarin kayan ba, wanda shi ma aikin mai kula da sabar ne.

Wasu ba sa buɗe manhajar ma, sun saba danna ɓangaren dama na linzami a kan takarda, su zaɓi Send to, sannan Fax recipient. A Windows 11 an taƙaita wannan menu, kuma Send to ya koma ƙarƙashin Show more options, ko kuma a fito da tsohon menun ta hanyar danna Shift da F10 tare. Idan an isa Send to amma babu Fax recipient, sai a rubuta shell:sendto a akwatin Run a duba ko gajeriyar hanyar tana cikin foldar, domin jerin nan ba komai ba ne illa abin da ke cikin wannan folda. Haka ma firintar bogi mai suna Fax da ke bayyana a jerin firintoci, wadda masu share jerin kan goge bisa zaton ba ta da amfani, alhali ita ce ke juya kowace takarda ta zama hoton faks.

Na'urorin da suka haɗa bugawa da sikanin da kwafi da faks wuri ɗaya su ne suka fi jawo ruɗani, kuma a nan ba na ɗora wa manhajar laifi sai na rashin bayani. Mutum yana da na'ura mai faks, ya jona mata layin tarho, ya jona ta da kwamfuta, don haka yana da hujjar tsammanin Windows Fax and Scan za ta gan ta. A mafi yawan samfura ba ta gani, domin modem ɗin da ke cikin na'urar nata ne ita kaɗai, ba ya bayyana ga Windows a matsayin modem. Kamfanoni irin su Brother da Epson da Canon da HP suna ba da nasu direban faks da tasu manhajar, kuma wannan yanki galibi yana cikin cikakken kunshin da ake saukewa daga shafin kamfanin ne. Idan aka bar Windows ya girka na'urar da kansa, yakan sa direba na gama-gari wanda ke bugawa lafiya lau amma babu menun faks a cikinsa. Tun da Microsoft ya sanar a 2023 cewa zai daina rarraba direbobin firinta na wasu kamfanoni ta Windows Update sannu a hankali, ya karkata ga direbansa na bai ɗaya mai suna IPP, mai irin wannan na'ura ya kamata ya saba da zuwa shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Idan komai ya zauna, manhajar tana da abubuwan yabo. Tsarinta kamar na akwatin imel ne, wanda ya sa sabon ma'aikaci ke gane ta cikin ɗan lokaci. Tana zuwa da shafukan murfi guda huɗu, na gaggawa da na sirri da na sanarwa da na gama-gari, tare da wata ƙaramar manhaja ta tsara naka, kuma tana cika sunan mai aikawa da lambarsa daga abin da aka rubuta sau ɗaya a Sender Information. Tana adana takardu a tsarin TIFF, wanda kusan kowace manhajar hoto ke buɗewa, don haka ajiyar shekaru ba ta zama fursunar manhaja ɗaya ba. Inda take tuntuɓe shi ne liƙa fayil ɗin PDF a tagar New Fax, domin ba ita ke juya fayil ɗin ba, tana roƙon manhajar da aka naɗa wa irin wannan fayil ne ta buga mata shi, kuma idan wadda aka naɗa ba ta karɓar irin wannan roƙo, aikin yana tsayawa. Maganin da ya fi tabbas shi ne a buɗe PDF ɗin, a ba da umarnin bugawa, a zaɓi firintar Fax. Ya kamata kuma a tuna cewa faks na yau da kullum yana ɗaukar ɗigo 204 a kwance da 98 a tsaye a kowane inci, mai kyau kuma 204 da 196, duk a baƙi da fari, saboda haka ƙananan rubutu da hatimi mai launi ba za su isa yadda suka tashi ba, kuma wannan iyakar faks ce, ba ta manhajar ba.

Ɓangaren sikanin bai kai na faks ba. Yana aiki da direbobin WIA ne kawai, wato tsarin Windows na haɗa sikana da kwamfuta, yana adanawa a BMP da JPEG da PNG da TIFF, ba ya fitar da PDF, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa yawancin ofisoshi su nemi wata manhajar don wannan aiki.

Babbar barazana ga amfaninta ba daga menu take ba, daga layin tarho take. Kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama suna mayar da layukansu kan intanet, kuma sautin faks ba ya jure matsewa da yankewar da muryar mutum ke jurewa. An fitar da ƙa'idar T.38 a 1998 don magance wannan, amma dole ne akwatin da ke haɗa tarho da intanet da kuma kamfanin layin duk su goyi bayanta. Inda ba su yi ba, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sauko da gudu daga 14,400 ko 33,600 zuwa bit 9,600 a daƙiƙa, kuma a nan manhajar ta gaza, domin Fax Settings ba shi da wani fili bayyananne na yin haka, yayin da na'urar faks ta tebur ke da shi a menunta. Tsohuwar WinFax, wadda kamfanin Delrina na Kanada ya ƙirƙira, Symantec ya saye a 1995 ya kuma daina sayarwa a 2006, ta fi ba mai amfani iko a kan irin waɗannan saituna, kuma waɗanda suka yi aiki da ita suna da dalilin ganin wannan a matsayin ragaggiya.

Wanda ke da layin tarho na asali da modem mai direba da ya dace da Windows ɗinsa, kuma faks ɗin da yake aikawa bai wuce 'yan takardu a mako ba, ba shi da dalilin sayen wata manhaja, sai dai ya hana kwamfutar yin barci idan yana son ta riƙa karɓa da kanta, domin kwamfutar da ta yi barci ba lallai ne ta amsa kira ba. Wanda layinsa ya koma kan intanet, ko wanda ke aika ɗaruruwan shafuka, sabar faks ko hidimar faks ta imel za ta fi masa. Cire manhajar da sake girka ta yana da amfani a yanayi kaɗan, kamar idan an goge firintar Fax ko fayilolin manhajar sun lalace har umarnin gyaran fayilolin Windows na sfc /scannow bai gyara su ba, kuma kafin a yi haka a kwafe foldodin Fax da Scanned Documents da ke cikin Documents, da kuma foldar MSFax da ke ƙarƙashin ProgramData, Microsoft, Windows NT, ita kuwa ProgramData ɓoyayya ce sai an kunna nuna ɓoyayyun fayiloli a File Explorer.